Wasan Taɓe-taɓe a Cikin Ɗaki ga 'Yan Shekara Ɗaya zuwa Uku: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye ke yawan yi mini a nan Damagaram, wasu a gidan suna, wasu a layin awon yara, wasu a kan tabarma bayan la'asar. Na yi shekaru ina kula da ƙanana a ajin share fage na lakwal, na kuma raini nawa. Maganar a kan yaron da ya fara tatata ce, har zuwa wanda aka yaye ya doshi shekara uku, wato lokacin da bakin uwa ba ya hutawa da "bari", "ajiye", "fito nan". Inda na ce yaro, har da yarinya.

Mene ne wasan taɓe-taɓe, kuma me ya raba shi da ƙiriniya?

Babu abin da ya raba su sai shiri. Yaron da ya tsoma hannu a ƙullun koko, ya kwashe takalman baƙi daga ƙofar ɗaki, ya ɗauki ludayi yana dukan kwano, karatu yake yi. Ba shi da wata hanyar sanin duniya sai fata, baki, hanci, ido da kunne. Ba za ki iya fahimtar da ɗan wata goma sha biyar abin da ake kira sanyi ba, sai ya dafa jikin randa. Akwai kuma wasu ji guda biyu da ba a cika lissafawa ba: na cikin kunne, mai gaya wa jiki ko ya karkata ko yana tsaye daidai, da na tsoka da gaɓoɓi, mai sanar da shi nauyin abin da ya ɗauka da inda ƙafarsa take ko bai duba ba.

Wasan taɓe-taɓe shi ne ke ki zaɓi abin da za a taɓa, da wurin, da lokacin, maimakon ki bar masa zaɓi ya nufi murhu. Masana ƙwaƙwalwa sun ce a shekarun farko ana ƙulla sabbin hanyoyin sadarwa sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa cikin kan yaro, kuma kafin ya cika shekara 3 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babba. Hanyar da ake yawan bi ita ke zama. Wadda aka bari takan shafe, kamar turbar gona bayan damina.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce aka kwaso daga waya?

Sunan ne baƙo. Gaskiya ne wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, ta riƙa ba yara haruffa masu kaushi su shafa da yatsa, da 'yan gwangwanaye masu ƙara daban-daban su girgiza. To amma wa ya koya mana tuwon ƙasa? Goyo kansa makaranta ce: yaro na baya yana jin uwa ta sunkuya ta miƙe, yana shaƙar daddawa, lugude na bugawa har cikin ƙirjinsa.

Gidajen ne suka sauya. Da yawanmu yanzu haya muke, ɗaki da falo, daɓen siminti, ƙofa a rufe, ba kaka, ba garken yara, ba turken awaki. Abin da tsakar gida ke bai wa yaro kyauta a tsofaffin gidajen Birni ko a ƙauye, mai zaman haya sai ta ɗauko ta kawo ɗaki da hannunta.

Me ya sa sai cikin ɗaki?

Ba dole ba ne. In gari ya yi daɗi, da hantsi ko bayan la'asar, waje ya fi. Amma daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙasar tsakar gida tana iya ƙona tafin ƙafar yaro. Da hunturu ga ƙura da tari, da damina ga taɓo da sauro. Rumfa da zaure ma ɗaki ne a wannan magana.

Wane kaya zan saya?

Ko ɗaya. Ɗauko kwando ko tsohuwar ƙwarya ki zagaya gidanki. Sa ludayi, ƙaramar muciya, marfin tukunya, faifai, sabon soso, goriba biyu ko uku, babban cokalin ƙarfe, da ƙyallaye iri-iri daga wurin tela: atamfa, shadda, leshi, guntun bargo. In kina da hanya wajen dukawa, roƙi guntun fata marar rini, tunda garin fata muke. Abin da ake nema shi ne bambanci: wannan santsi, wancan kaushi, wannan nauyi, wancan sanyi. Kayan wasan roba na kasuwa, ko guda goma ne, a hannu da baki duk abu ɗaya ne, ga shi masu arahar suna ɓallewa su bar 'yan ƙananan gutsattsari.

Goriba ce gwanata. Ta fi ƙarfin maƙogwaro, tana da ƙamshi, tana gangarawa ba ta yi nisa ba, in ya gwaguya kuma ba laifi. Kada ki zube masa komai rana ɗaya. Abu biyar ko shida sun isa, bayan kwana uku ki ɓoye wasu ki fito da wasu, zai karɓe su kamar bai taɓa gani ba. Kafin ki sa kowane abu a kwandon, gwada shi da ma'aunin da ke amsa ta gaba.

Yaya zan gane abin da zai iya shaƙe shi?

Ma'aunin da masu gwada kayan wasa ke amfani da shi ga 'yan ƙasa da shekara 3 wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3 da ɗoriya. Duk abin da ya shige cikinsa an hana. Ke naki ma'aunin na hannunki: haɗa babban yatsa da manuni ki yi zobe, abin da ya wuce ta ciki ba na yaro ba ne. Da wannan za ki ga kuɗin ƙarfe duka sun faɗi, daga dala har ɗari biyar ta sefa. Haka marfin gorar ruwa, maɓalli, dutsen ado, gyaɗa, aya, magarya, ƙwallon dabino, aduwa, da 'ya'yan carbi in zaren ya tsinke.

Abu uku sun fi sauran sharri. Balan-balan, hurarre ko fasasshe, domin yana mannewa a maƙogwaro ya toshe iska gaba ɗaya. Leda, wadda yaro kan rufa a fuska. Sai ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin agogo, ƙaramar tocila da kayan wasa masu walƙiya: in ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin awa biyu. Igiya ko zare mai tsawon da zai zagaye wuya shi ma a kawar. Abin yi in tsautsayi ya faru yana can ƙasa, a tambayar shaƙewa.

Yaya ake wasan gero?

Shimfiɗa tsohon zane a kan tabarma, ɗora babbar roba ko tire mai baki, zuba gero kamar rabin tiya, sa ludayi da kofi biyu. Ki zaunar da shi, ke ma ki zauna. Shi ke nan.

Ranar da na fara yi wa autata, tana da wata goma sha takwas, ta yi kusan minti biyu ba ta taɓa ba, tana kallona tana kallon robar, tana jiran a ce "bari". Da ta ga shiru sai ta sa yatsa ɗaya, ta cire, ta duba ƙwayar da ta manne. Can ta nutsa hannu har wuyan hannu, ta damƙo, ta buɗe, gero na zurarewa ta tsakanin yatsu yana ƙara shaa a kan tiren. Ta yi haka ya fi sau ashirin. Na binne mata cokali a ciki ta tono, ta miƙo mini na sake binnewa. Daga baya ta miƙe ta taka da ƙafa, ta ƙyalƙyale da dariya, ta zauna daɓas a ciki. Duk abin da na yi shi ne faɗin sunan abin da take yi: "ya cika", "ya zube", "babu", "ga shi". Bayan 'yan kwanaki "babu" ta shiga bakinta.

Gero ya fi wake da masara domin ƙwayarsa ƙarama ce, in ya haɗiye kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Duk da haka yana shiga hanci da kunne, don haka idonki na kansa. Wake kam a bar shi sai bayan shekara uku. Ga wanda har yanzu komai sai baki, fara da dafaffiyar shinkafa ko dafaffiyar taliya da ta huce. In an gama, ki kama bakin zanen huɗu ki juye abin da ya zube.

Ba wasa da abinci ba ne wannan? Uwar mijina ba za ta yarda ba.

Tana da gaskiyarta, kuma kada ki yi musu da ita. Wanda ya ga shekarun yunwa ba ya kallon gero kamar rairayi. Ni ma ba na goyon bayan a zubar da ko ƙwaya. Abin da nake yi shi ne in ware geron wasa a gwangwani mai marfi, a yi ta amfani da shi wata da watanni, in ya gaji a watsa wa kaji. Tsaki da dusa ma suna yi. In rumbu ya yi ƙasa, ko in Inna ta nuna ba ta so, a koma ga rairayi: a tankaɗe shi da rariya, a wanke, a shanya a rana ya bushe sarai, a riƙa rufe shi don kyanwa da kunama.

Wata dabara kuma, ki ba kakar aikin. Ki ce, "Inna, ga angonki nan, ko za ki nuna masa yadda ake sheƙa?" Kakar da ta hana wasa da hatsi ita ce za ta ba shi ɗan faifai ya zauna gefenta yana kwaikwayo.

Kowane hatsi ne ya dace?

A'a. Irin shuka da aka gauraya da magani, wanda za ki gani da ja ko ruwan hoda a jikinsa, guba ne. Haka hatsi ko waken da aka adana da ƙwayar maganin ƙwari ko aka barbaɗa wa hoda. In daga Kasuwar Dole kika auno ba ki san tarihinsa ba, wanke ki shanya kafin ki ba shi. Buhu ko gwangwanin da ya taɓa ɗaukar taki ko maganin feshi kada ya zama abin wasa ko an wanke.

Ruwa yana mana wuya. Yaya za a yi wasan ruwa?

Wanda ya zauna garin nan ya san darajar jarka. Birnin a kan dutse yake, ruwan daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma in bazara ta kama sai pampo ya yi kwanaki ba ɗigo, kowa na sauraren ɗan ga-ruwa. To wasan ba ya cin abin da kike zato. Kofi biyu a tire sun isa. Ba shi soso ya jiƙa ya matse a kwano, ko tsumma ya "wanke" cokula. Ba shi gorar roba da kika huda wa ƙananan ramuka a gindi ya ga yayyafi. Ko ki ba shi kofin ruwa da tsohon burushi ya yi wa bango ko daɓe fenti, ya ga zanen ya bushe ya ɓace. Mafi sauƙi, ƙara masa minti biyar a lokacin wanka da kofi da ludayi, ruwan da ma za a kashe ne. Da zafi, ƙanƙarar leda guda, a cire ledar a sa a kwano, tana riƙe yaro tsawon lokaci. In ta narke ta yi ƙanƙanta ki ɗauke.

Ga inda ba na sassauci. Ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma shiru yake yi, ba kuka ba fantsama. Kansa na da nauyi in an gwada da jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya fitowa. Mu kuwa saboda ƙarancin ruwa gidajenmu cike suke da bokitai, baho da duro. A rufe su da marfi mai nauyi. In sallama aka yi a ƙofa, ɗauki yaron ki tafi da shi. In an gama wasa a juye ruwan a gindin shuka, kada ya kwana ya tara sauro.

Ina ganin yara a waya suna wasa da wani abu mai yauƙi da kala. Akwai irinsa da ba ya cutarwa?

Mu da muke da kuka? Cokali biyu na garin kuka a ɗan ruwa, ki kaɗa, ga yauƙi kore wanda ko ya lasa miya ya lasa. Busasshiyar kuɓewa ma haka. Wancan na waya da gam da wasu sinadarai ake haɗa shi, ba na mai kai hannu baki ba ne.

Kala kuma tana madafi. Zoɓo ja, kurkum rawaya, dakakken zogale kore. Ɗiga su a ɗan kunu mai kauri ko kindirmo, ki zuba a tire ya yi zane da yatsa. Ga ɗan shekara biyu da rabi akwai wani abin mamaki: zuba ruwan zoɓo a kofi biyu, matsa lemun tsami a ɗaya ya ƙara ja, ɗiga ruwan kanwa a ɗayan ya rikiɗe ya yi duhu. Ke za ki riƙe kanwar, kada ta shiga ido. Cire masa riga tukuna, kurkum ba ya fita a tufa.

Na mulmulawa kuwa, guntun tuwon jiya ya wadatar in ba a yi ɗumame da shi ba. In fulawa za ki kwaɓa, fara soya garin a busasshiyar tukunya ya yi zafi sosai, domin ɗanyen gari na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, sannan ki sa ɗan mai da ruwan ɗumi. Za ki ga ana cewa a zuba gishiri mai yawa don ya daɗe. Kada ki sa: gishiri mai yawa haɗari ne ga ƙaramin yaro in ya ci. Kwaɓa kaɗan na yini ɗaya. Lalle, musamman baƙin nan na zamani, da kwalli, ba kayan wasa ba ne. Wani kwallin akwai dalma a cikinsa. Zuma kuma ba a ba wanda bai cika shekara ba.

Kunne da hanci fa?

Samo gorar roba uku, sa gero a ɗaya, tsakuwa a ɗaya, ruwa a ɗaya, ɗaure marfin tam ki naɗe da salatif, ki riƙa dubawa kullum. Kife ƙwarya, kwanon sha da roba ki ba shi muciya. Eh, akwai ƙara. Zaɓi lokacin da maigida ba ya barci. Wani wasan kuma shiru ne: ki ce "ji!", ku saurara tare, ki faɗa masa abin da ya wuce, ko jaki ne, ko babur, ko kiran salla, ko mai tallan fura.

Na hanci, ƙulla citta a ƙyalle, kanumfari a wani, ɓawon lemu a wani, na'ana'a a wani, ƙulli mai ƙarfi. Ki shinshina ki miƙa masa. Ranar da na sa daddawa, wani yaro ya yamutsa fuska ya jefar, ya sake rarrafawa ya ɗauko. Ban da barkono, yaji da masoro. Kafur guba ne. Hayaƙin turaren wuta a rufaffen ɗaki kuma ba ya yi wa ƙirjin yaro daɗi.

Ɗakina ɗaya ne, yaron kuma ba ya zama. Me zan yi?

Wanda ba ya zama, jikinsa ne ke neman aiki. Tara matasan kai ya hau ya gangaro a kan katifa. Buɗe kwali gaba da baya ya zama rami. Sa ɗan rairayi a jarka ki rufe, ya tura ta daga bango zuwa bango. Ɗaukar nauyi da turi suna kwantar da irin waɗannan yara fiye da tsawa. Jera tabarmar kaba, buhu, bargo da faifai ya taka ba takalmi. In ku biyu ne, ku sa shi a zane ku kama baki ku yi masa lilo a hankali, dab da katifa. Da dare in an ɗauke wuta, tocila da inuwar hannu a bango sun isa hira.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 na bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a warwatse cikin yini, kuma kada a ɗaure shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ko a kujera ko a baya. Goyo na da amfaninsa, amma mai tafiya a riƙa sauke shi.

In na ba shi waya yana yin shiru. Ba ya koyo a ciki?

Shirun ne ke ruɗarmu. Waɗancan shawarwari na 2019 sun ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Gilashin waya santsi ɗaya gare shi ko me aka nuna, ba nauyi ba ƙamshi, kuma ba ya amsa wa yaro in ya yi gwaranci. Na san ranar da girki ya haɗu da wanki ba a neman fatawa. A irin ranar, ajiye shi inda kike ganinsa, nesa da wuta, da kwandon nan da na faɗa a sama. Kiran bidiyo da uba ko kawu da ke ci-rani daban ne, wannan hira ce.

Ɗan farina ne, ina jin kunyar a ga ina wasa da shi.

Wannan tambaya a raɗa ake yi mini ita. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ba kuma zan ce ki yar da ita ba. Amma kunya a gaban mutane take. In kin sakaya labule, daga ke sai shi, babu surukar da ke ƙirga kalmominki. Ba sai kin kira sunansa ba, laƙabi ya isa. Ba sai kin yi ta rangaɗa masa kirari ba, yi magana a kan abin da ke hannunsa: "sanyi", "nauyi", "ya faɗi". Yaro daga bakin da ke kusa da shi yake tsintar harshe, kuma ya fi tsinta in an amsa masa a daidai lokacin da ya nuna abu ko ya yi gwaranci.

A babban gida da ma akwai masu ɗauke wannan nauyi: kaka, goggo, abokiyar zama. Matsalar tana ga amaryar da ke zaune ita kaɗai a haya, ta riƙe kunya, alhali babu kowa da zai yi wa yaron magana tun safe har dare. In ke ce wannan, to ke ce kakar, ke ce goggon.

Ni uba ne, tun safe nake fita. Akwai abin da ya shafe ni?

Akwai, Malam. Minti goma bayan magariba. Bar shi ya ja gemu, ya cire maka hula ya mayar, ya shafa buzun salla, ya hau bayanka. Ɗaga shi sama a hankali ka sauke, ban da jefawa da girgizawa. Muryarka daban ce da ta uwarsa, hannunka ma daban. Ka lura da aljihu dai: canji, ƙwayar magani da carbi su ne abin da ya fi saurin kaiwa baki. In kana ajiye fetur ko kananzir a gorar lemo, ɗaga shi inda ko ya taka kujera ba zai kai ba.

Yayarsa 'yar shekara bakwai za ta iya kula da shi?

Ta yi wasa da shi, wannan alheri ne, yara na koyo daga yara. Amma wasan ruwa da na hatsi sai babba na wurin. 'Yar shekara bakwai ƙawa na kiranta za ta tashi.

Nawa ba ya son taɓa abu mai danƙo, kuka yake yi. Lafiya?

Yawanci lafiya. Yara sun bambanta kamar manya, wani ma ba ya son taka rairayi. Kada ki kama hannunsa ki tsoma. Fara da busasshe kafin jiƙaƙƙe, ba shi cokali ya taɓa da shi, ajiye tsumma kusa ya san zai iya gogewa, ke kuma ki yi wasan yana kallo. Wani sai a karo na goma yake sa yatsa.

Abin da ke sa a je a ga likita daban ne: yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi ko an buga abu a bayansa, wanda ya kai wata 18 bai fara tafiya ba ko ba ya faɗin ko kalma ɗaya, wanda ba ya haɗa ido ko nuna abu da yatsa, wanda ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, da wanda ya iya abu sannan ya daina. A ƙara lura da ji bayan sanƙarau, ƙyanda ko kunne mai zubar da ruwa. Wanda kuma ya nace wa cin ƙasa ko kankare bango yana ci, a duba jininsa, sau da yawa ƙarancin jini ke tare da hakan.

Yarona ya yi tamowa, yanzu yake murmurewa. Wasa ba zai gajiyar da shi ba?

Wasa na cikin maganin. A matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don jinyar tamowa mai tsanani, ɗaya shi ne wasa da nuna kulawa, shi ya sa ake ƙarfafa iyaye mata a kai a cibiyoyin jinyar tamowa da ake kira CRENI. Yaron da yunwa ta taɓa yakan yi shiru, ba ya neman komai, sai a ce yana da haƙuri a bar shi kwance, alhali shi ya fi kowa bukatar a tsokane shi.

An yi wani bincike a Kingston ta ƙasar Jamaika daga 1986, a kan yara 'yan wata 9 zuwa 24 da suka tsumbure. Ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajen wasunsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye wasa da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Fara a kan cinyarki, minti kaɗan: ƙyalle mai laushi, gorar gero, waƙa. In ya kau da kai, ya gaji.

In ya shaƙe, ko ya tura abu a hanci, me zan yi?

In yana tari da ƙarfi ko yana kuka, iska na wucewa, bar shi ya yi tarin. Kada ki ba shi ruwa, kada ki zura yatsa kina lalube, za ki ƙara tura abin. In ba sauti, ba numfashi, kifa shi a cinyarki kai ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar. In bai fito ba kuma ya haura shekara ɗaya, tsaya ta bayansa, sa dunƙulen hannu sama da cibiya, ki danna ciki da sama sau biyar. Wanda bai kai shekara ba, a ƙirji ake danna masa da yatsu biyu. Ki yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa.

Hanci da kunne ba a sa musu tsinke ko ashana. Ɗan maƙwabciyata ya tura wake a hanci, aka yi ta ƙoƙari da tsinken tsintsiya, aka ɗiga ruwa, waken ya sha ya kumbura, abin da za a cire cikin minti ɗaya ya zama aikin yini. A kai shi asibiti kawai. In batiri ne, ko a hanci ko a ciki, ko ana zato ne ma, a tafi nan take, kada a jira safiya. In fetur ko kananzir ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a nufi likita da gorar a hannu.

Minti nawa ya kamata, kuma in na shirya ya ƙi fa?

Ɗan shekara ɗaya minti uku zuwa biyar ma ya yi ƙoƙari, ɗan shekara biyu da rabi wani lokaci ya kai ashirin. Zaɓi lokacin da ya ƙoshi ya kuma yi barci. In ya maimaita abu ɗaya sau talatin kada ki sauya masa, bai gama da shi ba ne. In ya fara watsa gero da gangan yana kallon idonki, ki ce "a cikin roba" sau ɗaya, in ya sake ki ɗauke ba faɗa, gobe a sake gwadawa.

Ƙi kuwa zai ƙi. Na taɓa ɓata rabin awa ina haɗa kala uku a tire, autata ta dube su, ta wuce ta ɗauki marfin gwangwanin da na ajiye a gefe, ta zauna tana rufewa tana buɗewa har aka kira azahar. Kunun mai kala yayyenta ne suka shanye da suka dawo daga lakwal.